Shuka a Saman Bene: Riba da Kasadar Lambun Rufi a Kafanchan da Kudancin Kaduna

Kafanchan, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Jama'a a Jihar Kaduna, ba gari ba ne na dogayen benaye irin na Legas ko Abuja. Ya bunƙasa ne a gefen mahaɗar layin dogo tun daga shekarun 1920, kuma har yau akasarin gidajensa na ƙasa ne masu rufin kwano. Sai dai benaye masu hawa biyu ko uku suna ƙaruwa: otal-otal, makarantu masu zaman kansu, jerin shaguna da gidajen haya na ɗalibai. Da dama daga cikinsu sun tsaya ne a matakin rufin kankare, wanda magina ke kira dekin, rodi na leƙe a sama ana jiran ranar da mai gida zai sami kuɗin ɗora wani hawan. Haka abin yake a Zonkwa da Kachia da Kwoi da Kagoro.

Waɗannan shimfiɗaɗɗun rufin su ne suka sa batun shuka a saman gini ya shafi yankin. Hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024, kamar yadda alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka nuna. Matsalar tsaro ta raba manoma da dama da gonakinsu na nesa a wasu sassan Kudancin Kaduna. A 2024 ce kuma Uwargidan Shugaban Ƙasa, Sanata Oluremi Tinubu, ta gudanar da gasar lambu a kowane gida domin ƙarfafa iyalai su noma abin miyarsu. Wanda ke da fili a bayan gida ya san inda zai dosa. Mazaunin bene kuwa, ko mai shagon da aka malale harabarsa da siminti, sama kawai ya rage masa.

Amfanin lambun rufi gaskiya ne, ba a musunsa. Amma a yanki mai yawan ruwan sama kamar Kafanchan, abin da ke yanke hukunci ba irin da aka shuka ba ne ko takin da aka zuba; nauyin da ginin zai iya ɗauka ne, da hanyar da ruwa zai bi ya sauka.

Benaye biyu, sakamako biyu

Hoton da ya fi yawo a duniya idan ana wannan magana shi ne na tagwayen benayen birnin Milan na ƙasar Italiya, waɗanda ake kira Bosco Verticale, ma'ana dajin tsaye. Masanin zanen gine-gine Stefano Boeri da abokan aikinsa ne suka tsara su, aka kammala su a 2014. Mafi tsawo a cikinsu ya haura mita 100, kuma barandojinsu na ɗauke da itatuwa kusan 800 da dubban ƙananan tsirrai. Abin da hoton ba ya nunawa shi ne aikin da ke ƙarƙashin ganyen. An ƙara wa barandojin kauri da rodi musamman domin nauyin ƙasa. An raini itatuwan a gandun dashe kafin a hau da su, an gwada juriyarsu ga iska a ɗakin gwaji, an kuma ɗaure manyan cikinsu da igiyoyin ƙarfe. Ma'aikata na musamman ke saukowa daga sama da igiya suna yi musu sassabe, kuma kula da su ba a hannun mai kowane ɗaki yake ba, aikin masu gudanar da ginin ne gaba ɗaya, mazauna na biya. Gidaje ne na masu hannu da shuni.

A birnin Chengdu na ƙasar Sin an gwada irin wannan a benaye takwas da aka kammala a 2018, kowane gida da lambunsa a baranda. An sayar da dukkan gidajen 826, amma a 2020 rahotanni suka nuna iyalai ƙalilan ne suka tare. Tsirran da ba mai kula da su suka cinye barandojin, sauro ya yi sansani. Dabara ɗaya ce a biranen biyu. Bambancin shi ne a Milan akwai wanda aka ɗora wa alhakin kula da shukar, a Chengdu an bar ta ga masu gidajen da ba su zo ba.

Akwai kuma wani suka da masana muhalli ke yi wa irin waɗannan benaye. Sarrafa siminti na fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke saki a duniya, kuma ƙarin kankare da ƙarfen da ake bukata domin ɗaga itace zuwa hawa na ashirin na iya cinye alfanun da itacen zai kawo na shekaru masu yawa. Da an dasa itatuwan a ƙasa, da sun fi girma, sun fi daɗewa, a kan kuɗi kaɗan. Wannan hujja ta fi ƙarfi a Kafanchan, inda har yanzu akwai gefen titi da harabar makaranta da ke neman inuwa.

Abin da birane da yawa suka runguma ba dajin tsaye ba ne, siririyar shimfiɗar tsirrai ce a kan rufi. Birnin Basel na Suwizalan ya wajabta ta a kan sababbin gine-gine masu shimfiɗaɗɗen rufi a 2002, Toronto ta Kanada ta yi tata dokar a 2009 domin manyan gine-gine. A dukkan wuraren biyu, ana lissafa nauyin shukar ne tun ginin yana kan takarda.

Abin da rufi mai shuka ke bayarwa

Shuka a saman ɗaki ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A ƙauyuka an saba barin kabewa ko duma su yaɗu a kan rumfa ko jinka, su ba da inuwa, 'ya'yansu kuma su tsira daga awaki. Bambancin shi ne saiwar tana ƙasa, ganye ne kawai ke hawa. Sabon abu shi ne ɗaukar ƙasar kanta a kai ta sama.

Riba ta farko ita ce sanyi. Kankare na shan zafin rana yini guda, ya riƙa sako shi cikin ɗaki har tsakar dare. Duk wanda ya kwana a hawan ƙarshe na bene a watan Maris ya san wannan. Ganye na tare hasken rana kafin ya kai ga siminti, ruwan da ke fita daga ganye da ƙasa kuma yana tafiya da zafi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Ga gidan da wutar lantarki ba ta zama, ko wanda ke sayen fetur domin janareta, wannan sauƙi ne da ake ji a jiki da aljihu. Rufin kansa yana amfana, domin zafin rana da sanyin dare da ke sa kankare buɗewa da tsukewa har ya tsage suna raguwa a ƙarƙashin shuka.

Ta biyu ita ce abin miya. Alayyafo, ugu, yakuwa, rama, latas, albasa mai lawashi, attaruhu da tumatir duk suna yi a mazubi marar zurfi, kuma su ne kayan da farashinsu ke tashi da sauka a kasuwa. Akuya ba ta hawa bene, kaji ba sa tono, ɓarawo ma sai ya bi ta cikin gida. Uwar gida ko dattijon da ba ya iya zuwa gona na iya kula da su da safe da yamma.

Ta uku, wadda hukumomin birane suka fi damuwa da ita, ita ce rage gudun ruwa. Ƙasa da tsirrai na riƙe wani kaso na ruwan sama, su sake sauran a hankali, maimakon ya kwararo lokaci guda ya cika magudanu. Amma a nan akwai iyaka. A watan Agusta, lokacin da ake kwana ana wuni ana ruwa, ƙasar ta riga ta ƙoshi, duk abin da ya sauka wucewa zai yi. Gini ɗaya ko biyu masu lambu ba za su hana unguwa ambaliya ba.

Nauyi

Ba a nan gizo ke saƙar ba sai an zo kan nauyi, kuma lissafinsa ba ya bukatar digiri. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce. Tankin roba mai cin lita 1,000 da ake gani a saman gidaje tan guda ne cur idan ya cika. Jiƙaƙƙiyar ƙasar gona kuwa ta fi ruwa nauyi: akwati mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya da zurfin mita ɗaya zai ɗauki kilo 1,600 zuwa 2,000 nata. Ke nan idan aka shimfiɗa ƙasa mai kaurin santimita 30, tsawon rular ɗan makaranta, kowane murabba'in mita na rufin zai ɗauki wajen kilo 500 zuwa 600.

A ƙa'idojin Birtaniya da injiniyoyin Najeriya suka daɗe suna aiki da su, daɓen ɗakin zama ana tsara shi ne ya ɗauki kimanin kilo 150 na mutane da kaya a kowane murabba'in mita. Rufin da ba a yi nufin a riƙa hawa ba, wajen rabin haka ake ware masa. Kwatanta waɗannan alƙaluma biyu ya isa nuna cewa kwashe ƙasar gona a zube ta a kan dekin kamar ana yin kunya a fadama ganganci ne. Ko buhuna ma, waɗanda noma a cikinsu ya karɓu a 'yan shekarun nan, ba su da sauƙin da ake zato. Buhu mai ɗauke da lita 30 na jiƙaƙƙiyar ƙasa ya kai kilo 50. Huɗu a murabba'in mita ɗaya sun kai kilo 200. Abin da ke yaudarar mutane shi ne suna hawa da ƙasar ne a bushe, a rani, buhu ɗaya bayan ɗaya. Nauyin gaskiya sai damina ta sauka.

An ga ƙarshen irin wannan a ƙasashen da suka fi Najeriya sa ido a kan gini. A watan Mayun 2016 rufin wani zauren wasanni na Jami'ar City da ke Hong Kong ya rufta bayan an ɗora masa shimfiɗar tsirrai, mutum uku suka ji rauni, binciken jami'ar kuma ya gano cewa nauyin ya zarce abin da aka tsara rufin ya ɗauka. A ranar 21 ga Nuwamban 2013 rufin wani babban kanti ya faɗo a birnin Riga na ƙasar Latbiya, mutum 54 suka mutu. Masu bincike sun ɗora laifin a kan kuskuren lissafin ƙarafan rufin, amma a lokacin ana tsakar haɗa lambu a samansa, an tara ƙasa da kayan aiki.

A gida kuwa, benaye na faɗuwa ba tare da an ɗora musu ko tukunyar fure ba. A ranar 12 ga Yulin 2024 ginin makarantar Saint Academy da ke Busa Buji a Jos, maƙwabciyar Kafanchan, ya rushe a kan ɗalibai, aƙalla mutum 22 suka rasu. Wannan bai da alaƙa da shuka, amma yana tunatar da cewa lissafin kilo 150 ɗin na ginin da aka yi bisa ƙa'ida ne. Inda aka rage siminti, aka sa siririn rodi, ko aka cire katakon da ke tallafe da dekin kafin ya ƙone, ba wanda ya san ainihin ƙarfinsa sai an gwada.

Dekin da ke jiran ƙarin hawa yana da wata fa'ida a nan: an zuba shi ne a matsayin daɓen ɗakin da za a gina, don haka ya kamata ya fi rufin ƙarshe ƙarfi. Amma yana da nasa raunin, domin ba a yi masa abin hana ruwa ba, kuma da wuya a ba shi gangaren da ruwa zai bi. Wuri mafi haɗari a kowane bene shi ne barandar da ta leƙo waje babu ginshiƙi a ƙarƙashinta. Ƙarfinta ya dogara ga rodin da ke saman kankaren, wanda sau da yawa leburori ke tattakawa ya nutse ƙasa lokacin zubi. Abin takaici, nan ne masu haya suka fi jera tukwane, kuma a can bakin gefe, inda nauyi ya fi yin illa. Ƙa'idar da injiniyoyi ke bi ita ce a ajiye abu mai nauyi a saitin ginshiƙi ko bango mai ɗauke da gini, a bar tsakiyar ɗaki da bakin baranda ga abubuwa marasa nauyi.

Ruwa: yawansa a damina, ƙarancinsa a rani

Kafanchan na samun ruwan sama kusan milimita 1,500 a shekara, daga Afrilu zuwa Oktoba, wanda ya ninka abin da Sakkwato ke samu. Tsaunukan Kagoro da ke kusa da ita na daga cikin dalilan. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufi mai murabba'in mita 100 na karɓar wajen lita 150,000 a shekara. Ruwa guda mai ƙarfi na milimita 50 zai sauke masa lita 5,000 cikin 'yan sa'o'i, wato tan biyar, idan ganye da yashin lambu sun toshe indararo.

Ko da bai kai ga rushewa ba, ruwan da ya kwanta a kan kankare yana da tasa ɓarnar ta sannu a hankali. Kankare ba ya hana ruwa ratsawa gaba ɗaya. Danshi na bin ƙananan tsagu har ya kai ga rodi, rodi ya yi tsatsa, tsatsa ta kumbura ta fasa simintin daga ciki. Alamar farko ita ce tabo a silin da fenti mai ɓarewa. Ta gaba ita ce ɓallewar fulasta da bayyanar jan ƙarfe. Takin zamani da ke narkewa a ruwan ban-ruwa na ƙara saurin wannan ci. Saiwa kuma ba ta raina ƙofa: Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma duk wanda ya ga yadda cediya ko durumi ke tsirowa a jikin tsohon gini har su raba bulo ya san me saiwa ke iya yi. Magina na gargajiya a Kano da Zariya sun san haka tun da daɗewa. Shi ya sa ake cire ciyawar da ta fito a kan soro, a gyara yaɓe, a share indararo kafin ruwan farko.

Cikakken rufin shuka irin na Turai yana da hawa-hawa: abin hana ruwa, abin tare saiwa, shimfiɗar tsane ruwa, ƙyallen tace ƙasa, sannan ƙasa ta musamman marar nauyi. Kayan na da tsada, masu iya shimfiɗa su ba su da yawa a wajen manyan birane, kuma idan yoyo ya ɓulla sai an kwashe lambun kafin a gano inda yake.

Daga Nuwamba zuwa Maris matsalar na juyewa. Iskar hunturu ta fi kaɗawa a sama, ƙasar mazubi ba ta da zurfin da za ta ajiye laima, kuma zafin kankare na dafa saiwa daga ƙasa. A irin wannan lokaci kayan lambu na iya shan wajen lita biyar a kowane murabba'in mita a rana. Lambu mai murabba'in mita 20 na bukatar lita 100, jarka huɗu ke nan, a hau da su bene kullum, ko a biya kuɗin turo su da famfo daga rijiyar burtsatse. Wanda ke sayen ruwa a hannun 'yan garuwa ya yi lissafi tukuna. Mai yiwuwa alayyafon kasuwa ya fi masa araha. Akwai ma wani abin lura ga ƙasar baki ɗaya: garuruwan da suka fi bukatar sanyin rufi, irin su Sakkwato da Maiduguri, su ne suka fi ƙarancin ruwan da za a raya shi, Kafanchan mai wadatar ruwa kuma ita ce ta fi fuskantar haɗarin nauyi da yoyo.

Sauro na biye da ruwa. Najeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya bisa huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, a rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma sauro na iya kammala girma daga ƙwai cikin mako ɗaya zuwa biyu. Ba ganye ne ke haifar da shi ba. Kwantaccen ruwa ne a kan dekin, a farantin ƙarƙashin tukunya, a tsohuwar taya ko durom marar murfi. Nau'in da ke yaɗa cutar shawara ma ya fi son irin waɗannan ƙananan mazuban. Tsawon bene kuma ba ya kare shuka daga ƙwari: tsutsar tumatir da manoma ke kira sharon, wadda ta sa Gwamnatin Jihar Kaduna ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir a 2016, 'yar malam-buɗe-littafi ce ke haifarta, kuma tana tashi.

Saura iska da mutane. Guguwar farkon damina da ke yaye kwano a Afrilu da Mayu za ta iya jefo tukunya ko ƙaramin itace kan mai wucewa. Yawancin dekin da ba a kammala ba babu katanga a gefensa, kuma inda aka yi lambu yara za su bi iyaye. Sannan akwai hakkin maƙwabtaka, wanda littattafan Turai ba su cika ambata ba: mai tsayuwa a saman bene safe da yamma yana ganin tsakar gidan maƙwabcinsa. A unguwanni da yawa wannan kaɗai ya isa jawo ƙara gaban mai unguwa, sai an ɗaga katanga ko an kewaye da zana.

Citta a cikin buhu

Kudancin Kaduna ce cibiyar noman citta a Najeriya, musamman Kachia, Jaba, Kagarko, Jama'a da Zangon Kataf, inda ake noma nau'o'in da aka sani da Tafin Giwa da Yatsun Biri. A daminar 2023 wata cutar ruɓewa ta afka wa gonakin yankin, ta lalata amfani mai yawa, iri ya yi ƙaranci, farashinsa ya yi tashin gwauron zabo. Tun da cututtukan ruɓewar citta na zama a cikin ƙasa da jikin iri, raino a buhu nesa da gonar da ta kamu dabara ce mai ma'ana, kuma saman bene ya fi ko'ina nisa da ruwan da ke gangarowa daga wata gona.

Sai dai a san iyakarta. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, tana kuma cin irin citta fiye da tan guda. Rufi mai murabba'in mita 100 kashi ɗaya ne cikin 100 nata, kuma ba dukansa za a cika ba. Rufi ba zai maye gurbin gona ba. Abin da zai iya shi ne riɓanya ɗan iri mai lafiya, da sharaɗin cewa irin da aka fara da shi mai lafiyar ne, ƙasar kuma ba daga gonar da ta kamu aka ɗebo ta ba. In ba haka ba, an yi wa cutar dako ne zuwa sama. Citta na son inuwa kaɗan da ciyawar rufe ƙasa, ba ta jure kwanciyar ruwa, kuma tana shafe wata bakwai zuwa tara a cikin buhun, wato nauyinta zai zauna a kan ginin tsawon damina gaba ɗaya. Cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa da ke Umudike a Jihar Abiya ita ce ke da alhakin binciken citta a ƙasar nan, kuma ta hanyarta da malaman gona na jiha ya kamata a nemi tsabtataccen iri.

Ga manomin citta ma, mai yiwuwa babbar ribar shimfiɗaɗɗen rufi ba shuka ba ce, shanya ce. Cittar da aka tsaga aka baza a gefen titi na kwasar ƙura da kashin dabbobi, abin da ke rage darajarta wurin masu saye domin fitarwa waje. Tsabtataccen dekin a watan Disamba wurin shanya ne da ba ya bukatar ƙasa ko ruwa. Farantan sola da tankin ruwa su ma suna neman wannan filin, don haka mai gida na da zaɓi fiye da ɗaya.

Darasin Dakar

Samfurin da ya fi dacewa da bene mai hawa biyu a Kafanchan ba daga Milan zai zo ba, daga Dakar ta Senegal ne. A 1999 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, tare da gwamnatin ƙasar suka fara shirin ƙananan lambuna domin mazauna birnin da ba su da fili, dubban iyalai kuma suka koya, akasarinsu mata. Ana haɗa tebur na katako mai kimanin murabba'in mita ɗaya, a shimfiɗa masa leda, a zuba cakuɗen ɓawon gyaɗa da buntun shinkafa da ɗan tsakuwa a maimakon ƙasa. Ruwan da ya tsane yana bin 'yar mesa zuwa bokiti a sake amfani da shi. A ƙiyasin FAO, murabba'in mita ɗaya na iya ba da kilo 30 na tumatir a shekara, ko latas 36 a kowane kwana 60, ko albasa 100 a kwana 120.

Wannan tsari ya amsa yawancin matsalolin da aka lissafa. Cakuɗen bai kai rabin nauyin ƙasar gona ba, zurfinsa kuma bai wuce taƙi guda ba. Teburin na tsaye a kan ƙafafu, don haka saiwa ba ta taɓa kankare, iska na ratsawa, mai gida na ganin daɓensa yana sharewa, kuma idan tabo ya fito a silin ana iya janye teburin a duba. Ɓawon gyaɗa da buntun shinkafa kuwa abubuwa ne da ake zubarwa ko ƙonawa a injinan casa na Jihar Kaduna. Rauninsa shi ne cakuɗen ba shi da abincin shuka na kansa, sai an riƙa ba shi taki a ruwa ko an haɗa da ruɓaɓɓen takin gargajiya, kuma ba zai ɗauki doya ko itace ba. Zogale da gwanda da mangwaro wurinsu ƙasa.

Ko da tebur za a yi, matakin farko shi ne a kira injiniyan gine-gine mai rajista da COREN, majalisar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ya duba zanen ginin idan akwai, ya auna kaurin dekin, ya faɗi adadin kilo da inda za a ajiye su. Duk gyaran da ya shafi ɗaga katanga ko ƙara wa gini nauyi na dindindin na bukatar izinin hukumar tsara birane ta jihar, KASUPDA. Ɗan haya kuma ya sami amincewar mai gida a rubuce, a fayyace wanda zai biya idan yoyo ya ɓata ɗakin ƙasa. Masu sabon gini su ne suka fi kowa sa'a, domin ƙara rodi da gangare da abin hana ruwa tun a kan zane ya fi arha nesa ba kusa ba a kan gyara daga baya. Ɗaliban fannin gona da na tsara muhalli a reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan na da filin gwaji a nan, na auna nauyin cakuɗen gida idan ya jiƙe da yawan ruwan da yake riƙewa a daminar yankin.

Akwai gwajin da kowane mai bene zai iya yi kafin ya sayi ko buhu ɗaya. Ya hau saman ginin awa ɗaya bayan ruwa mai ƙarfi na watan Mayu, ya zagaye da alli duk inda ruwa ya kwanta, sannan ya sauka ya duba silin ɗin da ke saitin wuraren. Inda ya ga tabo ko fenti ya kumbura, sai an gyara gangaren da indararo, an kuma sake dubawa bayan ruwa na gaba, kafin a hau da tebur na farko.